Bakin Baba ya bushe bayan gashin cutar kansa: maganin ƙara garkuwar jiki zai dawo da yawu?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 61 ya yi fama da kansar bayan hanci, an yi masa gashi da hasken na'ura sau 35 haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, yau wata 8 da gamawa. Alhamdu lillahi an ce ciwon ya kwanta. Sai dai bakinsa ya bushe ƙamas, ɗan yawun da ke zuwa kauri ne da shi kamar danƙo, ba ya iya haɗiye tuwo sai ya kora da ruwa, da dare kuma yakan farka sau 4 ko 5 don ya jiƙa maƙoshi. Wani ya ce mana ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke gyara wurin da yawu ke fitowa, don haka mu saya masa magungunan ƙara garkuwa. Da gaske ne? Yawun zai dawo kuwa?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Tambayarki gida biyu ce: ko ƙwayoyin garkuwar jiki na da hannu a farfaɗowar maɓuɓɓugan yawu bayan gashi, da kuma ko hakan na nufin kwalbar maganin ƙara garkuwa za ta yi wa Baba amfani. A ta farko, wanda ya gaya muku bai yi ƙarya ba, binciken 'yan shekarun nan yana bayansa. A ta biyu ne ya zame, kuma zamewar za ta iya cin kuɗinku da lokacin da ya kamata a kashe a kan abin da ke aiki.

Abin da gashi ke yi wa maɓuɓɓugan yawu

Manyan maɓuɓɓugan yawu guda 6 ne, uku a kowane gefe. Mafi girma ita ce ta gaban kunne, wadda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ita ke kwararo yawu mai ruwa-ruwa lokacin tauna. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi ita ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na yawun da ke jiƙa baki sa'ad da mutum yake zaune ba ya cin komai. Sai ƙarama ta ƙarƙashin harshe, da ɗaruruwan 'yan mitsi-mitsi da ke warwatse a leɓe da kumatu da ganɗa. Gaba ɗaya sukan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Idan aka duba cikin kowace da madubin likita, kamar nonon inabi take: 'yan jakunkuna masu haɗa yawu, kowace da siririn bututu, bututan suna haɗuwa har su zama babba guda da ke buɗewa cikin baki.

Ana auna gashi da ma'aunin gire, wanda za ki ga an rubuta Gy a takardun asibiti. Zama 35 yawanci gire 2 ne kowace rana, kwana 5 a mako, mako 7, jimla gire 70 a kan ciwon. Bayan hanci kuwa yana tsakiyar kai ne, tsakanin maɓuɓɓugan gaban kunne biyu, kuma dole a gasa wuya gefe biyu saboda ƙaluluwa. Da wuya a kai ga ciwon ba a ratsa ta cikinsu ba, shi ya sa bushewar baki ta fi addabar masu irin kansar Baba.

Ɓarnar hawa biyu ce. A makon farko kaɗai yawu na iya raguwa da rabi ko fiye, tun ƙwayoyin halittar ba su mutu da yawa ba, domin hanyar da suke karɓar saƙon jijiya su saki ruwa ce ta fara lalacewa. Daga baya, cikin watanni, jakunkunan kansu ke mutuwa ba a maye gurbinsu ba, ƙananan hanyoyin jini su toshe, nama mai tauri irin na tabo ya cike wurin. Ɓangaren da ke yin yawu mai ruwa ya fi saurin tafiya fiye da mai yin majina-majina, daga nan danƙon da kike gani ya fito.

Inda ƙwayoyin garkuwa suka shigo

Shekaru da dama masu bincike sun zuba ido ne a kan jakunkunan da kuma ƙwayoyin asali da ke haifar da sababbi. Can tsakankanin jakunkuna da bututai kuwa akwai wasu mazauna da ba a cika kulawa da su ba, ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj. Ma'anar sunan "babban maci", saboda aikinsu da aka fi sani shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da gawarwakin ƙwayoyin jiki. Wasunsu tun mutum yana ciki suka zauna a wurin, wasu kuma daga ɓargo suke tasowa, su biyo jini a matsayin monosait, su shiga naman su zama 'yan gida.

A watan Nuwamba na 2023 masu bincike na Jami'ar Edinbura a Sukotland, ƙarƙashin Elaine Emmerson da Calum Bain, suka wallafa aikinsu a mujallar Science Immunology. Sun nuna cewa makrofaj na maɓuɓɓugar yawu ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ke manne da jakunkuna da bututai, akwai waɗanda ke zaune kusa da hanyoyin jini da jijiyoyi. Suka gasa wuyan ɓeraye, a wasunsu suka kawar da makrofaj. A ɓerayen da aka raba da makrofaj, ƙwayoyin da gashi ya lalata wa DNA sun ci gaba da zama a cikin naman babu mai kwashe su, gyara ya gagara, yawu kuma ya ragu fiye da na sauran. Waɗanda ke manne da jakunkunan su ne gyaran ya fi dogara a kansu.

Dalilin da ya sa kwashewar ke da muhimmanci haka shi ne, ƙwayar da gashi ya raunata ba kullum take mutuwa ba. Wata sai ta tsufa da ƙarfi da yaji: ba ta haihuwa, ba ta yin yawu, ba ta kuma tashi daga wurin, sai fitar da sinadaran kumburi da ke sa maƙwabtanta su ma su lalace. Wani bincike da aka yi a Kudus, aka wallafa a 2016, ya danganta asarar yawu a ɓeraye da irin wannan tsufa da kuma sinadarin kumburi IL-6. Kamar ɗakin ƙasa ne da ya faɗi da damina. Ko magini na tsaye da tubalinsa, ba zai ɗora ko ɗaya ba sai an kwashe ɓaraguzai.

Aikinsu bai tsaya a shara ba. Rukunin Fei Liu a Jami'ar Texas A&M ta Amurka ya nuna a 2020 cewa gashi yana rage makrofaj mazauna wurin da sauri, kuma wata dabara da suka daɗe suna ceto yawun dabbobi da ita, wato tayar da hanyar saƙo mai suna Hedgehog na ɗan lokaci, ta hanyar dawo da makrofaj ɗin take aiki. Da aka kawar da su, dabarar ta rasa ƙarfinta. Daga baya rukunin ya bayyana cewa wani kaso na makrofaj ɗin yana sakin sinadarin girma da ake kira HGF, wanda ke ƙarfafa ƙwayoyin asali. Ke nan gashi ya rushe ginin, ya kuma kori wasu daga cikin leburorin da za su tayar da shi.

Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar da suka shafi Baba kai tsaye yau ɗin nan. A cikin naman maɓuɓɓugan akwai ƙwayoyin da ke haɗa kariyar IgA, wadda ake zubawa cikin yawu don hana ƙwayoyin cuta mannewa a baki. Idan yawu ya ƙafe, wannan kariya ta tafi tare da shi, haka ma sinadarin da ke kashe tsamin baki. Shi ya sa farin fumfuna mai kama da kindirmo ke yawan fitowa a harshen waɗanda aka gasa, haƙoransu kuma su riƙa ruɓewa daga gindi, wajen dasashi, cikin watanni kaɗan.

Me ya sa kwalbar ƙara garkuwa ba za ta yi ba

Abin da binciken ya gano wani kaso ne takamaimai na makrofaj, a wani lungu takamaimai, yana aiki a kan lokaci. Babu wani ƙwayar magani, garin ganye ko shayi da aka nuna yana ƙara waɗannan ƙwayoyin a cikin maɓuɓɓugar da aka gasa. Sannan a wannan gaɓa ta jiki, yawan garkuwa ba alheri ba ne a kullum. Akwai cuta mai suna Shogiren, wadda ƙwayoyin garkuwa na limfosait ke mamaye maɓuɓɓugan yawu da na hawaye har su kashe su. Sababbin magungunan kansa masu sakin linzamin garkuwar jiki, irin su pembrolizumab da nivolumab, su ma sukan busar da bakin wasu marasa lafiya ta irin wannan hanya. Makrofaj ɗin kansu, idan kumburi ya ƙi ƙarewa, suna cikin masu sakin sinadarin TGF-beta da ke mayar da nama tabo. A cikin ƙullutun kansa kuma an daɗe da sanin cewa makrofaj kan koma 'yan aikin ciwon, su taimaka masa ya yaɗu. Saboda haka duk mai son haɓaka su a wuyan da aka cire wa kansa dole ya taka a hankali.

A kuma riƙe cewa wannan ilimi daga dabbobi ya fito. Yawanci ana gasa ɓera ne a zama ɗaya, da ƙarfin da bai kai na mutum ba, ɓeran yana matashi, ba shi da kansa, ba a yi masa kemo ba. Baba kuwa zama 35 ya yi. Har yanzu babu maganin makrofaj da aka amince a ba ɗan Adam don bushewar baki. Ni a ganina, hanya ce mai kyakkyawan fata ga waɗanda za a gasa nan gaba fiye da waɗanda namansu ya riga ya zama tabo. Wani haɗarin kuma, wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan ƙara ƙarfi akan samu sitiroyid a ciki, shi kuma danne garkuwa yake yi, ya ƙara wa fumfunar baki ƙarfi.

Yawun zai dawo?

Amsar tana cikin takardar tsarin gashin Baba fiye da ko'ina. Ku tambayi likitan gashi abu biyu: wace irin dabara aka yi amfani da ita, kuma matsakaicin gire nawa kowace maɓuɓɓugar gaban kunne ta sha. Binciken Jami'ar Mishigan na 1999 ya nuna cewa wadda ta sha ƙasa da kusan gire 26 takan farfaɗo sosai, wadda ta haura nesa da haka kuwa da wuya. Ƙa'idar da masu tsara gashi ke bi ita ce a bar aƙalla ɗaya ƙasa da gire 20, ko duka biyun ƙasa da 25. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi tana jure har wajen gire 39. Dabarar IMRT, wadda kwamfuta ke lanƙwasa hasken ya kauce wa lafiyayyen nama, ita ke ba da damar haka. A gwajin PARSPORT na Birtaniya da aka wallafa a 2011, bayan shekara 2 kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka gasa da tsohuwar hanya suna fama da bushewa matsakaiciya ko mai tsanani, a masu IMRT kuwa kashi 29. Ba kowane injin gashi ke iya IMRT ba, don haka tambayar ba ta raini ba ce.

Idan akwai ragowar nama mai rai, farfaɗowa a hankali take zuwa, mafi yawanta cikin shekara 2 na farko. Wata 8 bai kai a yanke ƙauna ba. Amma kada a sa rai bakin zai koma yadda yake kafin ciwo. Abin da muka fi gani a asibiti shi ne yawun cin abinci ya ɗan dawo, bushewar dare kuma ta daɗe, saboda maɓuɓɓugan ƙarƙashin muƙamuƙi suna cikin filin da ake gasawa a wuya.

Za ku iya auna ragowar a gida. Da safe, bayan aƙalla awa ɗaya bai ci ba, bai sha ba, bai goge baki ba, Baba ya zauna ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya sunkuyar da kai ya bar yawu ya riƙa ɗiga cikin ƙaramin kofi na minti 15, ba tare da tsotsa ko motsa harshe ba. A zuƙe da sirinji marar allura a karanta. Mililita 1.5 ko ƙasa da haka ƙarancin yawu ne na gaske, lafiyayyen mutum kan tara wajen 4 zuwa 6. Sai ya tauna cingam marar sukari na minti 5 yana tofawa a wani kofin. Idan taunar ta kawo ƙari a fili, akwai naman da za a iya zaburarwa. A rubuta adadin da kwanan wata, a maimaita duk bayan wata 3 a lokaci iri ɗaya. Kumfa na ruɗar awo, a bari ta kwanta tukuna.

Abin da ke hannu yanzu

Idan akwai ragowa, maganin da aka fi sani shi ne pilokapin, miligiram 5 sau 3 a rana, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan matsala tun 1994. Saƙon jijiya yake kwaikwaya, ya matse abin da ya rage, ba ya haifar da sabon nama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina bayan mako 2 a ce bai yi ba, alhali sai an ba shi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Yana sa zufa da yawan fitsari, wani lokaci murɗawar ciki. Ba a ba mai asma da ba ta lafa ba, ko mai wani nau'in hawan jinin ido, kuma mai ciwon zuciya sai da sa idon likita. Kada a saya a kemis a fara ba tare da an rubuta ba.

Kafin ma a kai ga nan, a zazzage jakar magungunan Baba a gaban likita. Amitriptilin, Piriton da danginsa na mura, Buscopan, tramadol da magungunan hawan jini masu sa fitsari duk suna busar da baki. Sauya ɗaya daga ciki wani lokaci ya fi sabon magani tasiri. A gwada sukarin jini, a kuma duba harshe da ganɗa, domin fumfuna a busasshen baki ba kullum take fitowa fara ba, takan zo a matsayin ja da raɗaɗi da tsagewar gefen leɓe.

Don kurkure baki, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a kurkure sau 4 zuwa 6 a rana, a haɗa sabo kullum. Yana tsinka danƙon ya rage tsami. Kanwa ba madadinsa ba ce, kaifinta na iya ƙona bakin da ya riga ya yi laushi. A guji ruwan kurkure baki mai barasa, da taba kowace iri. Goro ma a ajiye shi, ɗacinsa na ƙara ɗaure baki. A wajen abinci, girkinmu ya taimaka: miyar kuɓewa, karkashi da kuka suna yi wa loma santsin da yawu ke yi, sai a sassauta tuwon, a yawaita miyar, a rage yaji. Abin da nake ja wa iyalai kunne a kai shi ne alewa, lemon kwalba, zoɓo da tsamiya. Suna tsinko yawu na ɗan lokaci, amma sukari da tsami a bakin da ba shi da kariya su ne ke cinye haƙori.

Da dare a ajiye ruwa kusa da shimfiɗa, a shafa man jiƙa baki na kemis a harshe da kumatu kafin barci. Da hunturu abin kan tsananta, musamman idan hanci ya toshe yana numfashi ta baki, don haka a riƙa wanke hancin da ruwan gishiri. Batun azumi kuma a tattauna da likitansa da malami tun kafin watan ya kama.

Gwaje-gwajen dawo da naman kansa suna tafiya, ba su iso ba tukuna. A Kofanhegan ta Denmak an yi wa mutum 30 gwajin allurar ƙwayoyin asali da aka ciro daga kitse, waɗanda ake ganin ta hanyar lallashin garkuwar jiki suke aiki, sakamakon 2018 ya ba da fata. Da aka faɗaɗa zuwa mutum 120, sakamakon 2024 bai nuna sun fi allurar bogi a fili ba. A Amurka an gwada saka ƙwayar gado ta akwaporin, mai buɗe wa ruwa hanya a bututan, yawun mutum 6 cikin 11 ya ƙaru a rahoton 2012, kuma ana ci gaba da gwaji. Duk wanda ya ce zai sayar muku da irin waɗannan a yau, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ba zai jira ba shi ne haƙora. Baba ya ga likitan haƙori cikin makonnin nan, sannan duk bayan wata 3 zuwa 4. A nemi man goge baki mai fuloraid 5,000 ppm, na kasuwa bai cika wuce 1,450 ba. Ya goge da burushi mai laushi safe da dare, ya tofar kawai, kada ya kurkure da ruwa, kada ya ci ko ya sha na minti 30. Idan yana son asuwaki, a tauna bakinsa ya yi laushi sosai don kada ya yaga dasashi. Kuma ko haƙori ya yi ciwo yaya, kada a bari kowa ya cire shi sai an sanar da likitan gashi. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gire 50 zuwa 60 ko fiye jininsa ya ragu har abada, ramin haƙori na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu, ko da shekaru sun wuce. Idan kuka ga gyambon baki da ya haura mako 2, ƙashi a bayyane, sabon ƙullutu a wuya, jini daga hanci, ko ramar da ba ta tsaya ba, ku koma asibiti a makon, kada ku jira ranar da aka rubuta muku.